Shanun Kawu Njidda

Majidaɗi, Jalingo
Yuni 1957

Ƙanena Manga,

Ina gaishe ka gaisuwar gida, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Zariya, kai da karatun aikin En'e, hukumar gargajiya, da aka tura ka. Mu nan jam, lafiya lau. Inna ta yi zazzaɓin farkon damina amma ta miƙe, har ta koma ɗaukar ƙwaryar nono. Maigida yana gaishe ka. In ka ga rubutuna ya karkace kada ka yi dariya, taubashi. Ajin Yaƙi da Jahilci ne iyakar bokona, amma ya ishe ni in daina kai sirrin gidanmu wurin mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Baba, kawunka Njidda. Ranar kasuwa aka yi shela cewa an ƙara jangali bana, wai za a gina babbar firamare da ɗakin shan magani. Tun ranar garin nan ba a wata magana. A rumfar maigida, inda yake sayen fata, kullum sai an yi musu har la'asar. Manoma suna cewa dama Fulani sun daɗe suna shan daɗi, su ne ake bi gida gida da haraji ko gona ta yi ko ba ta yi ba. Masu shanu suna cewa su biyu suke biya, na kansu da na dabba, ga shi gonaki sun cinye burtali ba wanda ya ce uffan. Maigida kuwa kukansa daban ne. Kantin Turawa na Lau ya karya farashin ƙirgi, in kuma shanu suka bar ƙasar nan, kasuwarsa ta tashi ke nan.

Ana cikin haka sai ga labari wai malaman dabbobi za su kafa sansanin allurar bushiya, ciwon nan mai ƙare garke, a Lau, kyauta. Duk saniyar da aka yi wa sai a tsaga mata kunne. Baba ya ce wannan ba allura ba ce, tarko ne, kunnen da aka tsaga shi malamin jangali zai bi ya ƙirga. Ka san halinsa, bai taɓa barin baƙo ya ga garken gaba ɗaya ba. Jiya na je ruga bayan Abbare na iske shi da ɗan'uwanka Jibrilla suna tufkar igiyoyin kaya. Ya ce mutane da yawa sun yi gabas, za su bi ta Zing su ƙetare iyaka su faɗa ƙasar da Faransi ke mulki, wai can kuɗin shanu da sauƙi. Na ce masa da girmansa, cikin damina, ina shi ina hawan duwatsu? Ya ci gaba da tufka.

A hannunsa ka tashi, kai ne kuma ka san cikin hukuma. Maganarka yana ji ko ya nuna bai ji ba. Ka faɗa mana gaskiya, a je Lau ko kada a je?

Addarka,
Furera

Zariya
Yuli 1957

Adda Furera,

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin aji saboda ɗoki. Na gode Allah da sauƙin Inna. Ki gaishe ta, ki gaishe da maigidanki Malam Hambali, ki durƙusa ki gaishe mini da Kawu. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar kindirmo. Rubutunki kuwa ya fi na wasu da nake zama benci ɗaya da su, amma ba zan ƙara yabo ba kada kai ya kumbura.

Musun da kuke yi a rumfa shi muke yi a nan, sai dai mu da allo da alli. Akwai masu cewa a soke jangali gaba ɗaya, domin yana korar dukiya zuwa hannun Faransi, wanda ya rasa garke kuwa ya rasa nama da nono da fata. Akwai masu cewa in aka soke shi, baitulmalin ƙasa irin tamu ba zai iya biyan malamin makaranta ko ɗaya ba. Ni ina cikin na biyun, ba zan ɓoye miki ba. Ana maganar mulkin kai nan da 'yan shekaru. Turawa za su naɗe tabarmarsu, wa zai zauna a kan teburan? In ba mu koyar da 'ya'yanmu ba, sai dai mu ɗauko na wasu su riƙe mana. Ki tuna kuma yadda mahaifiyata ta rasu a ruga, ana ta jiƙe-jiƙe, babu ɗakin magani ko na tafiyar yini. Kuɗin da zai gina shi ba daga sama zai faɗo ba.

Na san akwai malaman jangali masu ƙari a kan ƙirga, na san masu tsayawa sai an yanka musu. Wannan ɓarna ce, mu aka ce ana koya wa yadda za a gyara. Amma ki gaya wa Kawu ƙasar Faransi ba aljanna ba ce. Su ma suna karɓa, baƙo kuma ba shi da mai tsaya masa.

Batun allura, a iya sanina aikin dabbobi daban, aikin jangali daban, amma ba zan rantse a kan abin da ban tabbatar ba. Akwai wani Malam Saleh, malamin dabbobi ne mutumin wajenmu, zai biyo ta nan ƙarshen wata. Zan tambaye shi tsakani da Allah. Wasiƙa tana daɗewa a hanya da damina, saboda haka in na ji abin da ba ya jira, waya zan bugo. Kafin nan ku roƙi Kawu ya zauna inda yake.

Ƙanenki,
Manga

Majidaɗi, Jalingo
Agusta 1957

Manga,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kowa lafiya, sai ruwa da ya ishe mu. Katangar bayan gida ta zube, Allah ya tsare ba kowa a wurin.

Useko, na gode, ɗan'uwa. Wayarka ta iso, masinja ya kawo ta har zaure. Na karanta da kaina: KADA SHANUN KAWU ZUWA LAU. Na ce ashe Baba ya fi mu gani. Ban tsaya jiran maigida ba, na yafa mayafi na tafi ruga cikin taɓo. Baba ya sa na maimaita masa, ya daɗe yana kallon takardar kamar mai iya karatu. Sai ya ce, “Yaron nan bai manta nonon da ya sha ba.”

Dama ya jira ka kamar yadda ka roƙa, ko da maƙwabtansa duk sun tashi. Da ya ji na cikin hukuma ma ya ce kada a je, sai ya ce ai zama bai gan shi ba, tun da masu ƙirga sun fara fitowa. Sun tashi shi da Jibrilla da garken duka, sun yi gabas. Inna da Fanta matar Jibrilla suna nan wurina, an bar musu saniya guda mai tatsa. Na yi kuka da na ga bayansu, amma na ce gara duwatsu da tarko.

Na karanta wa maigida hujjojinka na makaranta. Ya ce magana ce mai kyau, sai dai yana so ka tambayi malamanku abu guda: in ɗan mai shanu yana daji yana kiwon abin da ake biya wa makarantar, ɗan wa zai zauna a cikinta? An fara zuba duwatsun gini, 'ya'yan ma'aikata har sun fara zuwa kallon inda za su zauna.

Ka rubuto ka faɗa mana abin da Malam Saleh ya tona maka.

Addarka,
Furera

Zariya
Satumba 1957

Adda,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe gajeriyar gaisuwa.

Ba kada na ce ba. Kaɗa na ce, irin kaɗa shanu da sanda. Cewa na yi a kaɗa shanun Kawu zuwa Lau a yi musu allura. Na rubuta da ƙugiyarsa a takardar gidan waya, ban tuna ba cewa waya ba ta da harafi mai ƙugiya. Na kuma taƙaita magana, na bar sauran bayani ga wasiƙar da na aiko a bayanta, wadda na ga alama ba ta iso ba.

Ga abin da Malam Saleh ya faɗa mini. Ba ruwansu da jangali, ba wanda suke ba lissafin kunnuwa. Dalilin sansanin Lau shi ne bushiya ta ɓarke a ƙasar Faransi, wajen Koncha, tana biyo hanyar fatake tana yowa yamma. Can Kawu ya dosa, Adda, da garken da ba a yi wa allura ko guda ba.

Don Allah ranar da takardar nan ta iso ki roƙi Malam Hambali ya samu mai doki ko mai keke ya bi su. A tare su ko'ina aka same su, a juyo da su. In jangali ne, na ɗauka a kan albashina. Na nemi izinin tahowa an hana, an ce sai bayan jarrabawa. Na sake buga wata waya da cikakkun kalmomi, aka ce ruwa ya kayar da turakun layi a hanya, ba a san ranar gyara ba.

Manga

Zariya
Oktoba 1957

Adda Furera,

Gaisuwa da fatan alheri ga kowa da kowa. Shiru ya yi yawa. Kullum sai na je wurin mai raba wasiƙu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. An ce motar wasiƙu ta maƙale, an ce gada ta karye, ban san wanne zan kama ba. In fushi kike yi da ni, ki yi, kin isa, amma ki rubuto ko layi ɗaya in san an bi su ko ba a bi ba. Na zauna jarrabawa ban san abin da na rubuta ba.

Manga

Majidaɗi, Jalingo
Disamba 1957

Manga,

Ina gaishe ka. Muna raye. Inna ta rame, Fanta ta sauka lafiya, mace aka samu, an sa mata Hadijatu.

Takardunka uku a rana ɗaya suka iso, bayan ruwa ya ɗauke, har da wadda ya kamata ta biyo bayan waya. Na jera su na karanta. Ban rubuto ba domin ban san abin da zan ce ba sai maigida ya dawo. Shi da kansa ya rufe rumfa ya bi sawun su Baba. Yanzu ya dawo, ga abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Su Baba sun kai Tungo lafiya, ƙafar saniya ko ɗaya ba ta karye ba. A nan suka tarar Faransi sun rufe iyaka saboda ciwo, sun zuba 'yan sanda a mashigi. Garkunan da suka gudo wa jangali duk suka taru a bakin rafi guda, ana jiran a buɗe. Ruwa ɗaya ake sha, ciyawa ɗaya ake ci. Jibrilla ya ce farin bijimin nan na Baba shi ya fara, ido na zubar da ruwa, baki na dalala, sai zawo. Kafin sati ya zagayo ba a iya jan gawa, sai dai a matsa gaba a bar ta. Da suka ce za su juyo gida, sai na wannan ɓangaren su ma suka tare hanya, kada a kawo ciwo cikin ƙasa. Gaba an rufe, baya an rufe.

An ce Joji, Baturen mulkin wajenmu, ya zo, Baturen Faransi ma ya zo, sun zauna a rumfa da tafinta. Mutane suka taru suna zaton maganar magani za a yi. Tafinta ya gaya wa maigida cewa rabin zaman a kan wa ke da haƙƙin kuɗin shanun aka yi shi, tun da wasu sun kwana a wannan gefen rafi wasu a wancan. Daga baya malaman allura sun iso, ba zan ɓoye alherinsu ba, sun yi aiki har hannunsu ya kumbura. Amma wadda ta kamu ta kamu. Maigida mai sayen fata ne, ya ga fatar da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, aka ce ko ɗaya ba za a feɗe ba, ƙonewa za a yi.

'Yan tsiraru suka rage, ba su cika yatsun hannu ba. Jibrilla ya ce ba zai iya shigowa Jalingo da su a ga idonsa ba. Da aka buɗe hanya ya haye, ya kama kiwo wurin wani mai dukiya a Banyo. Bai ga 'yarsa ba tukuna. Baba a kan jaki aka dawo da shi.

Akwai ranakun da na tsine wa wayarka, akwai ranakun da na tsine wa bokona. In da na jira maigida, in da na nuna wa wani. Ni na yi ta gudu cikin taɓo in kai masa. Ban gaya wa Baba maganar ƙugiya ba, ban san ta inda zan fara ba.

Ka ce haraji zai kawo magani, Baba ya ce haraji tarko ne. Maganin yana Lau kyauta, tsoron harajin ya hana shi zuwa. In kun koma aji ka ba su wannan su yi musu a kai.

Furera

Zariya
Janairu 1958

Adda Furera,

Ina gaishe ku da gaisuwar jaje. Allah ya raya Hadijatu, Allah ya ba Kawu lafiya, ya mayar da alheri. Ki ce wa Malam Hambali ba ni da bakin gode masa.

Ki sauke wannan kaya daga kanki. Abin da aka rubuta shi kika karanta, ko malaminmu aka ba haka zai karanta. Ni ne na san waya, ni na yi rowar kalmomi. Ina roƙonki ki gaya wa Kawu gaskiya yadda take. Ba na so ya ci gaba da sa mini albarka a kan abin da ban faɗa ba.

Na kai maganarki aji kamar yadda kika ce. Na tashi na ba da labarin Tungo ban ambaci suna ba. Na ce har yanzu ina ganin ƙasa ba ta tafiya sai da haraji, amma harajin da ya sa mutum ya fi tsoron malami da alƙalami a kan bushiya, akwai abin da ya lalace a cikinsa. Malami ya ce batu ne mai muhimmanci, aka buga ƙararrawa.

Sakamako ya fito, na ci. An kuma faɗa mana wuraren aiki. Ni an mayar da ni gida, gundumar Lau, malamin jangali. Na je na roƙi a ba ni kotu ko baitulmali, aka ce ai don na iya Fulatanci kuma na san inda ake ɓoye shanu aka zaɓe ni. Zan gama sallama a nan in taho cikin watan Maris. Ki tambayar mini Kawu ko zai yarda in shigo in gaishe shi.

Ƙanenki,
Manga

Majidaɗi, Jalingo
Maris 1958

Ƙanena Manga,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya kamar yadda kai ma za ka yi mini. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, an kai shi kafin azahar. Ban buga maka waya ba. Na ba direban da zai bi ta Jos wannan takarda, ko za ta riske ka kafin ka taso.

Ba wani ciwo ya yi mai suna ba. Tun da ya dawo abinci sai an matsa, magana sai an tambaya. Na gaya masa gaskiyar ƙugiya kamar yadda ka roƙa, a gaban Inna da maigida. Na zana masa haruffan biyu a ƙasa da tsinke. Ya duba ya duba, ya ce shi bai ga bambanci ba. Sannan ya ce in rubuta maka wannan da bakinsa, na kuwa rubuta a take:

“Ki ce wa Manga ko da ya ce in je Lau, ban tabbata zan je ba. Igiyata a tufke take tun kafin takardarsa. Kada ya ɗauki abin da ba nasa ba. Aikin da aka ba shi ya riƙe, gara namu ya ƙirga mu. Amma in ya shiga ruga ya fara tambayar lafiyar shanu kafin yawansu.”

Na faɗa masa kana neman izinin zuwa. Ya ce yaushe ɗa ya fara neman izini a gidan kawunsa. Ya tambayi ranar zuwanka har sau nawa, na ce Maris, ya ce Maris da nisa.

An aika wa Jibrilla, ba mu san ko saƙon ya kai ba. Inna za ta yi takaba a nan wurina. Rugar bayan Abbare an tashe ta, wani har ya fara sharar gona a wurin.

Cikin 'yan shanun da suka dawo akwai karsana ja, wadda ta kamu ta tashi. Baba ya yi wasiyya a gaban liman cewa taka ce, liman ya ce ba ta wuce sulusi ba, ta halatta. Tana ɗaure a bayan gidanmu, Fanta ke ba ta dusa. Mai unguwa ya aiko yana tambaya da sunan wa za a sa ta in lokacin jangali ya zo. Na ce ya dakata, mai ita yana hanya, shi ne kuma mai rubutawa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Addarka,
Furera